Alfadarin Ciyawa

Ya ’yan’uwa ɗalibai, da ku malamanmu, muna roƙo ku ba mu aron kunne game da wani ɗan abu wanda ido ba ya iya rarrabe ƙwayarsa, amma kuwa abincin dabbobin ƙasar nan yana rataye da shi. Abin nan shi ne bununi, watau ƙurar nan mai ruwan ɗorawa da ke zubowa daga kan gero ko masara sa’ad da suka yi fure, wadda ke manne wa mutum a riga in ya ratsa gona da hantsi. Dalilin da ya sa muka ɗauko maganarsa kuwa wata kunya ce da muka sha, kuma ba mu so waɗanda ke bayanmu su sha irinta.

A gonar makaranta akwai fegi guda na wata ciyawa ruwa biyu, wadda aka samu daga haɗa gero da ciyawar giwa. Ta yi tsawo ta fi mutum, ganyenta faffaɗa mai laushi, shanu na ci har kara. Da kaka ta yi ta fid da kai, sai muka ce ga samu. Muka yanke kawunan, muka shanya, muka sussuke, muka ɗura a buhu. Akwai wani dattijo makiyayi, maƙwabcinmu, wanda ya daɗe yana leƙen fegin nan ta kan shinge. Ya roƙe mu iri, muka ɗibar masa muna murna, har muna yi masa bayanin tazarar shuka. Ya share wuri a bakin fadama, ya kai taki, ruwa na sauka ya shuka. Ya yi ta jira har damina ta raba, ba abin da ya fito sai ciyawar da Allah ya shuka da kansa. Ran da muka gamu da shi a kasuwa bai zage mu ba. Abin da ya ce kurum shi ne, “’Ya’yana, irin nan naku na boko bai san ƙasarmu ba.” Wannan magana kuwa ta fi zagi zafi, gama mun sani ƙasa ba ta yi laifi ba. Mu ne muka ba shi ƙaiƙayi da sunan iri. Da a ce mun ɗauki fure ɗaya mun sa ƙarƙashin madubin likita da ke kulle a ɗakin kimiyya, da cikin minti goma mun san abin da ya ci wa dattijon nan damina guda.

To, ga ra’ayinmu a taƙaice. Duk wanda zai fita daga makarantar nan ya zama malami ko ma’aikacin gona, ya kamata ya iya gwajin bununi da hannunsa, ya kuma san iyakar abin da gwajin ke iya faɗa masa. Kada kuma a raba wa kowa irin wata sabuwar ciyawa ruwa biyu daga gonarmu sai an gwada an rubuta.

Sai mu fara daga tushe. Kowa ya san gwanda namiji, wadda ke fure ba ta ’ya’ya, kuma masu dabino tun zamanin da sun san sai an kai furen namiji ga ta mace kafin a ci dabino. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, ciyawa ma haka ta ke, sai dai ita yawanci namiji da mace suna zaune a kai guda. In ka dubi zangarniyar gero da kyau, za ka ga waɗansu ’yan gashi farare sun fara leƙowa. Waɗannan su ne ɓangaren mace. Bayan ’yan kwanaki sai ’yan jakunkuna su fito suna reto, su tsage, su saki bununi. Waɗannan su ne ɓangaren namiji. Iska ta ɗauki ƙwayar bununi ta ajiye bisa gashin nan, ƙwayar ta fid da wani siririn tsiro kamar zare, ya bi ta ciki har ya isa inda ƙwan ya ke. Sa’an nan ne hatsi ke ƙulluwa. Wani masani Bajamushe mai suna Camerarius shi ya tabbatar da wannan da gwaji a shekarar 1694, masara kuwa tana cikin abubuwan da ya gwada. Daga baya wani Bajamushen, Kölreuter, ya haɗa taba iri biyu a 1760, ya samu ɗa ruwa biyu mai ƙarfi da kyaun gani. Da ya duba bununinsa a madubi sai ya tarar ya yanƙwane, ba kome a ciki. Ya kamanta shukar da alfadari. Ashe gwajin da mu ke magana a kai ya haura shekara 260 a duniya.

Kamancen nan da alfadari ya zauna daidai. A cikin kowace ƙwayar halittar jiki, ta dabba ko ta tsiro, akwai waɗansu ’yan zare-zare da ke ɗauke da abin da a ke gada daga iyaye. Masana suna kiransu kuromosom, mu kuwa a nan za mu ce zaren gado. Doki yana da 64, jaki yana da 62. Kowannensu yakan ba ɗansa rabin nasa, saboda haka alfadari ya tashi da 63. Ga ƙarfi, ga jimiri, ga ɗaukar kaya, amma ba haihuwa. Haka lissafin ciyawarmu ya ke. Gero yana da 14, ya ba da 7. Ciyawar giwa tana da 28, ta ba da 14. ’Yarsu ta tashi da 21. Muddin girma kawai a ke so, 21 ɗin nan ba su hana kome ba, don haka ganye ke fita gwanin kyau. Wahala tana zuwa ne ran da shuka za ta yi bununi, domin a ran nan dole zaren su jeru bibbiyu, kowane da abokinsa, sa’an nan a raba su kashi biyu daidai. Bakwai ɗin gero suna samun abokai cikin rabin na ciyawar giwa, gama akwai dangantaka tsakaninsu. Sauran bakwai kuwa ba su da abokan tsayuwa, sai su watse, wani ya bi nan, wani ya bi can, wani ya ɓace a tsaka. Kowace ƙwayar bununi ta tashi da rabon da bai cika ba, ta mutu tun ba ta ƙosa ba. Abin da ya sami bununi shi ke samun ƙwan mace, shi ya sa kai ke fitowa cike da ƙaiƙayi.

Wannan haɗi na gero da ciyawar giwa sananne ne. Wani Ba’amurke mai suna Glenn Burton, wanda ya yi aiki a garin Tifton cikin jihar Jojiya, ya buga bayaninsa a 1944. A Indiya manoma masu shanun madara suna noma ta da yawa, kuma da kara su ke dasa ta kamar rake. A Jami’ar Ibadan ma an yi irin wannan haɗi da maiwa cikin shekarun 1970. Watau abin da ya ɗaure mana kai a fegin makaranta an daɗe da rubuta shi. Mu ne ba mu karanta ba, ba mu kuwa duba ba.

Yadda a ke gwajin ba wuya. Da safe, sa’ad da raɓa ta fara ɗagawa jakunkuna na shirin tsagewa, sai a yanko kai. A ciri jaka ɗaya ko biyu da tsinken allura, a ɗora bisa ɗan gilashi, a ɗiga rini, a murƙushe a hankali don bununin ya fito, a rufe da wani siririn gilashi, a sa a madubi. Rini mafi sauƙin samu shi ne ruwan aidin da aka tsarma. Kowa ya ga yadda aidin ke mai da koko ko garin rogo shuɗi baƙi-baƙi. To, ƙwayar bununin ciyawa in ta ƙosa cike ta ke da irin wannan gari, guzurin tafiyarta ke nan, don haka sai ta rine baƙi ƙirin, ta fito a kewaye kamar ƙwallo. Wadda ta lalace kuwa sai ka gan ta fara-fara, a motse, kamar salkar da ruwa ya ƙare a ciki. Akwai wani jan rini da a ke kira asitokamin, shi ma haka ya ke nunawa: mai ciki ta yi ja wur, fanko ta zauna ba launi. A 1969 wani masani mai suna Alexander ya haɗa wani rini mai launi biyu, wanda ke mai da cikakkiya ja, fanko kuwa kore, har yaro ma ya iya rarrabewa. Ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai. Ta masara, wadda ke cikin manya, ba ta cika kashi 1 cikin 10 na milimita ba, na yawancin ciyayin kiwo kuwa ba su kai rabin haka ba. Amma madubin makaranta ya isa ya nuna su sarai.

Sa’an nan sai ƙirga, kuma a nan ne a ke gane mai haƙuri. Ba a duba wuri ɗaya a tashi. A ƙirga ɗaruruwa, a bi gilashin daga gefe zuwa gefe, kada a zaɓi inda ya fi kyau. A ɗauko daga shuka da yawa, kuma a sake a wata rana, domin zafi mai tsanani ko ƙishirwa a lokacin fure suna iya lalata bununin shukar da ba ta da aibin kome. A rubuta rana da lokaci da sunan fegi. A kuma gwada gero ko gamba na gida a gefe guda, wanda an san yana ba da iri, don in rinin ne ya lalace a gane. In cikin ƙwaya 100 an sami 90 cikakku, akwai sa rai. In an sami 2 ko 3, ko ba ko ɗaya, to kada a wahalar da kowa da sussuka.

Yanzu ga inda mu ke so a yi hattara, gama rabin sani ya fi jahilci haɗari. Rini shaida ɗaya ne, kuma alƙali ba ya yanke hukunci da bakin mutum guda. Abin da rini ke nunawa shi ne ko akwai abu cikin ƙwayar. Ba ya faɗin ko abin nan yana da rai. Wanda ke shakka ya gwada da kansa: ya ɗibi bununin masara mai kyau, ya gasa shi bisa murfin tukunya mai zafi har ya tabbata ya mutu, sa’an nan ya ɗiga aidin. Zai ga ya rine baƙi kamar ba abin da ya same shi. Bununin ciyawa kuwa ba shi da tsawon rai. Na shinkafa ’yan mintoci kawai ya ke yi bayan ya bar jakarsa, na masara sa’a ɗaya ko biyu cikin rana da iska. Saboda haka in rini ya ce fanko, a gaskata shi, domin fanko ba ya haihuwa. In kuwa ya ce cike, sai a nemi shaida na biyu.

Shaida na biyu shi ne tsiro. A kan haɗa ruwan sukari da ɗan gishirin boron da na alli, bisa tsarin da Brewbaker da Kwack suka bayyana a 1963, a barbaɗa sabon bununi a kai, a rufe cikin laima, bayan ɗan lokaci a duba. Ƙwayar da ta fid da zare wanda ya fi faɗinta tsawo, ita ce mai rai. Amma shi ma wannan shaida yana da nasa rauni, sai dai nasa ta wancan gefen ya ke. Bununin ciyawa yana da tsirfa. In sukari ya yi kaɗan sai ya sha ruwa ya fashe, in ya yi yawa ya ƙi motsi, har ƙwayar da za ta yi aiki bisa fure ta ƙi yi bisa gilashi. Ke nan rini yakan ƙara, tsiro kuma yakan rage. Akwai wata hanya ta 1970, ta Heslop-Harrison, inda mai rai ke haske kore cikin duhu, amma tana bukatar madubi mai fitila ta musamman wanda ba kowace makaranta ke da shi ba.

Shaida na uku, wanda ya fi su duka nauyi, ita ce shukar kanta. A bar kai ya nuna, a murza a tafin hannu, a hura, a ga ko akwai ƙwaya. A ƙirga 100 a shimfiɗa bisa jiƙaƙƙen tsumma, a ga nawa za su tsira. Wani zai ce, tun da wannan ne mai yanke magana, me ya sa ba za a tsaya a kansa kurum ba? Amsa ita ce lokaci da dalili. Gwajin bununi yana ba da labari tun ranar fure, makonni kafin iri ya nuna, sa’ad da akwai sauran damar ajiye kara don dashe. Kuma shi ke nuna inda cutar ta ke. Kai yana iya fitowa fanko saboda tsuntsu, ko ƙwaro, ko fari, ko rashin wata shuka kusa da za ta ba da bununi. Waɗannan duk suna da magani. In kuwa daga zaren gado ne, ko an shekara goma ana taki da ban ruwa ba abin da zai sake.

Mun ji waɗansu daga cikin abokanmu suna cewa, in ciyawa ba ta haihuwa ai ba ta da amfani, a tumɓuke ta a huta. Ba mu yarda ba. Ba wanda ya taɓa yanka alfadarinsa don bai haihu ba. Abin da a ke yi shi ne kada a saye shi da niyyar kiwon ’ya’ya. Ciyawar da ba ta ɓata ƙarfinta wajen yin iri takan daɗe tana ba da ganye. Burton ɗin nan ya fitar da wata kiri-kiri ruwa biyu mai suna Coastal a 1943, wadda kusan ba ta yin iri, aka dasa ta da jijiya bisa miliyoyin eka a kudancin Amurka. Rashin haihuwa yana da wata fa’ida kuma, ciyawar tana tsayawa inda aka dasa ta. Ku dubi gambarmu, wadda ke zuba iri ba iyaka. Wadda aka ɗauka daga Shika kusa da Zariya ta zama abin alheri ga makiyayan Kolombiya da Birazil, inda aka fitar da ita ga manoma a 1980. Amma a arewacin Ostireliya gamba ta tsere daga makiyaya ta mamaye daji, gobararta ta fi ta ciyayin ƙasar zafi har tana kashe itatuwa, a 2012 kuma aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. A gida ma muna da misali. Shibra ruwa biyu ce tsakanin gero da danginsa na daji, kuma da ya ke zaren gadonsu ɗaya ne, 14 da 14, tana haihuwa sosai. Shi ya sa ta ke kakkaɓe ƙwayarta a gona kafin girbi, ta dawo baɗi, manomi na ta fama. Gwajin bununi ke gaya mana wace ce alfadari, wace ce kuma shibra, kuma ladabin da a ke yi wa kowacce dabam ne.

Wani lokaci ma rashin bununin a ke nema da gangan. Mai son haɗa iri biyu a babbar gona ba zai iya bin furanni yana cire jakunkuna ɗaya ɗaya ba. Abin da ya ke bukata shi ne uwa wadda ƙwanta lafiya lau amma bununinta fanko, don duk ƙwayar da ta ƙulla ya zama daga uban da aka zaɓa ne. Irin wannan gero ne Tift 23A, wanda aka fitar daga Tifton, kuma da shi Indiya ta sami geronta ruwa biyu na farko a 1965. Da irin wannan uwa a ke iya samun iri na gaske na ciyawar da ta ba mu kunya: a shuka geron marar bununi kusa da ciyawar giwa, a girbe ƙwaya daga kan geron. Wannan ƙwaya tana tsira, sai dai abin da ta haifa shi ne ba ya haihuwa. A lura da wannan bambanci da kyau, don kada gobe wani ya ce duk irin da aka sayar da sunan ciyawar nan ƙarya ne. Tambayar da za a yi wa mai sayarwa ita ce, daga kan wace shuka aka girbe shi?

Masana sun kuma sami hanyar mayar wa alfadarin ciyawa haihuwa. A 1937 aka gane cewa wani magani mai suna kolcisin yana ninka zaren gado. In aka ninka 21 suka zama 42, kowane zare ya sami abokinsa, bununi ya fara cika. Haka aka yi a Aberystwyth ta ƙasar Wels da ciyayinsu na ƙasar sanyi, raigiras da feskiyu, waɗanda ’ya’yansu na fari jakunkunansu ko tsagewa ba su yi. Bayan ninkawa aka fitar da irin da manoma ke shukawa cikin shekarun 1970. Amma ninkin ba ya gyara kome da kome dare ɗaya. Wata shuka takan cika sosai, wata rabi, kuma ba abin da ke rarrabe su tun da wuri sai madubi.

Akwai misali ɗaya da ya fi ba mu mamaki. Ciyawar nan birakiyariya, wadda asalinta Afirka ne amma ta rufe miliyoyin kadada a Birazil, yawancin irinta suna yin ɗa ba tare da uba ba. Ɗan tsiron da ke cikin ƙwaya kwafin uwarsa ne sak. Mutum zai ce to wannan ba ruwanta da bununi. Ashe ba haka ba ne. Garin da ke kewaye da ɗan tsiron, wanda zai ci kafin ya yi saiwa, ba ya samuwa sai bununi ya sauka. In bununi fanko ne, ƙwaya ba ta cika. Wata cibiyar bincike a Kolombiya ta fitar da ruwa biyu na wannan ciyawa, Mulato a 2001 da Mulato II a 2005, masu kyaun ganye ƙwarai, amma ƙarancin iri ya zama abin damuwa ga masu noma su, kuma lalacewar bununi tana cikin dalilan da masana ke ambata game da irin waɗannan haɗe-haɗe. Ƙarancin iri kuwa shi ne tsadarsa, tsadar kuma a aljihun makiyayi ta ke ƙarewa.

Waɗansu kuma sun ce wannan aikin manyan masana ne, ina ruwan malamin ƙauye da shi? Mu kuwa muka ce malamin ƙauye shi ya fi kowa bukatarsa. Masani yana can cikin cibiyarsa, makiyayi ba zai taɓa ganinsa ba. Wanda zai gani shi ne ɗayanmu, tsaye a bakin gonar makaranta, kuma abin da muka faɗa shi zai ɗauka a matsayin maganar ilmi duka. Burtali na ƙara matsewa, gonaki na cin makiyaya, bazara kuwa kowace shekara tana barin shanu ƙashi da fata. Mutane da yawa da ba su taɓa tunanin shuka ciyawa ba yanzu sun fara tambaya. Wanda ya gwada sau ɗaya ya sha ƙasa ba zai sake ba, kuma ba zai yi shiru ba; zai faɗa a rugga, a faɗa a kasuwa, har ciyawa mai kyau ta zo daga baya ta tarar an rufe mata ƙofa. Asarar buhun ƙaiƙayi ƙarama ce. Asarar yarda ita ce ba a mayarwa da wuri. Kayan aikin kuwa ba su fi ƙarfinmu ba: madubi, da gilashi, da allura, da kwalbar aidin irin ta ɗakin shan magani.

Saboda haka muna miƙa roƙo huɗu ga hukumar makaranta da malamanmu, cikin ladabi.

Na ɗaya, a fito da madubin nan daga kabad a lokacin da gero da ciyayi ke fure, kowane ɗalibi ya yi gwajin aidin da hannunsa, ya zana abin da ya gani, ya ƙirga.

Na biyu, a ajiye littafi guda a gona, inda za a rubuta sunan kowace ciyawa, da inda ta fito, da iyayenta in an sani, da sakamakon rini, da na tsiron iri bisa tsumma, shekara bayan shekara, don ajin da ke zuwa ya gaji abin da na gaba ya gano.

Na uku, a kafa alama a kowane fegi da Hausa, mai cewa “Ana shuka ta da iri” ko “Da kara a ke dasa ta”, yadda mai wucewa zai karanta.

Na huɗu, duk abin da zai fita daga gonar nan zuwa hannun wani, a gaya masa gaskiyarsa duka, har da abin da ba ya iya yi.

Game da dattijon nan, mun koma wurinsa da daminar da ta biyo, muka ba shi haƙuri, muka gaya masa laifin namu ne. Muka kai masa damin kara, muka yanka gaɓa uku uku, muka nuna masa yadda a ke binne biyu a bar ɗaya a waje. Ya karɓa, amma rabin wurin kawai ya ba mu, ya ce sauran rabin masara zai sa, don ita ya san halinta. Ba mu ga laifinsa ba. Karan ya kama, kuma muna fata wata rana ya ba mu sauran rabin.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma tsare mu daga raba abin da ba mu auna ba. Amin.